Yawo cikin tsohon garin Zinder, da ƙafa da bisa keke

1. Mun iso gidan Kaka

Lokacin hutun watan Disamba, Baba ya sa mu mota, ni da yayata, daga Maraɗi zuwa Zinder. Tafiyar ta kusa kilomita 240. Mun je gaida Kaka, mahaifiyar Inna, wadda take zaune a unguwar Birni. Rabona da Zinder tun ina goye. Kawu ne ya tarbe mu a tasha.

Kawu jagora ne. Aikinsa shi ne zagawa da baƙi cikin gari. Yana nuna musu wurare, yana ba su tarihin kowane wuri. Wasu baƙin ƴan makaranta ne, wasu ma'aikata ne daga Yamai, wasu kuma daga ƙasashen waje suke zuwa.

Da muka isa, sai na ga gidan Kaka tsohon gidan ƙasa ne. Bangonsa yana da kauri, ƙofar zaurensa gajeriya ce. Gidajen maƙwabta ma duk haka suke. Na dubi Kawu na ce:

— Kawu, wannan ne Birnin da ake ta faɗi? Ai gidajen ƙasa ne kawai! Me baƙi suke zuwa kallo a nan? Don me ba za a rushe su a yi na siminti ba?

Yaya ta harare ni. Kawu kuwa murmushi ya yi.

— Ɗana, gani ya kori ji. Gobe ku ne baƙina. Za mu zaga Birni da ƙafa. Jibi kuma mu hau keke mu je Zango. In mun gama, sai ka sake yi mini wannan tambaya.

2. Dokokin mai yawo

Da safe gari ya waye da sanyi da hazo. Muka sha kunu da ƙosai. Kawu ya ce kowa ya ɗauki hula, da gorar ruwa, da littafi, da alƙalami.

Yaya ta ce:

— Kawu, ga babur ɗinka nan. Me zai hana mu hau?

— Ƴata, lungunan Birni matsattsu ne, ga rairayi, ga manyan duwatsu. Ban da haka, wanda yake gudu hanya kaɗai yake kallo. Mai tafiya da ƙafa shi ne yake ganin ƙofa, ya ga zanen bango, ya tsaya ya gaida mutane.

Kafin mu fita zaure, Kawu ya ba mu dokoki huɗu. Ya ce haka yake gaya wa kowane baƙo, babba ko yaro:

— Na ɗaya, duk wanda muka tarar a ƙofar gidansa, mu gaishe shi. Na biyu, ba mu shiga gida sai da sallama, kuma mu tsaya a zaure sai an ce mu shigo. Na uku, ba mu ɗaukar hoton mutum sai ya yarda. Na huɗu, ba mu yin rubutu a bango, ba mu ɓantare zane, ba mu zubar da leda a hanya. Birni unguwa ce ta mutane. Cikinta suke kwana, cikinta suke tashi.

3. Ganuwa da fada

Muka bi wani lungu, muka ɓulla wani. Wani wuri dutse ne ya tsaya tsakiyar hanya, sai lungun ya kewaye shi. Wani wuri kuma an jingina bangon gida da dutsen. Kawu ya hau da mu bisa wani babban dutse. Daga can muka hangi gari.

— Ku duba da kyau. Nan inda muke shi ne Birni, mazaunin sarki da fadawansa. Can nesa Zango ne, unguwar fatake. Tsakaninsu kuma sabon gari ne, inda babbar kasuwa take. To, wa zai gaya mini ma'anar birni?

Yaya ta ce:

— Gari ne wanda aka kewaye da ganuwa.

— Madalla. Da can, doguwar ganuwa ta ƙasa ce ta kewaye wannan unguwa, tana da ƙofofi. Da dare a rufe su, da safe a buɗe. Yau mafi yawan ganuwar ta zube.

Muka zauna bisa dutsen, Kawu yana magana muna rubutawa. Sarautar Damagaram ta kafu ne cikin ƙarni na 18. Kakannin sarakunan daga wajen Barno suka fito, kuma sun daɗe suna kai wa sarkin Barno gaisuwa. A farkon ƙarni na 19 ne Zinder ta zama mazaunin sarki. Sarkin da ya fi suna shi ne Tanimun, wanda ya yi wajen shekara 30 yana mulki, ya rasu a 1884. Shi ya sa aka gina babbar ganuwa. A zamaninsa maƙeran Zinder har igwa suke ƙerawa.

Muka sauko, muka nufi fada. A ƙofa muka tarar da dogarai sanye da manyan riguna masu ja da kore. Kawu ya rusuna ya ce:

— Sannunku da aiki. Ƴaƴan ƙanwata ne daga Maraɗi, na kawo su su ga fada.

Wani dattijon dogari ya amsa:

— Maraba da ƴan makaranta. Ku buɗe ido, ku buɗe kunne.

An gina fadar wajen shekara ta 1850. Sarkin Damagaram yana zama a nan, yana sauraron jama'a, yana sasanta masu rigima. Ranar salla filin ƙofar fada cika yake da mahaya dawaki da makaɗa.

Kawu ya ci gaba da tarihi. A 1898 wani sojan Faransa, kyaftin Kazamaju, ya iso Zinder, aka kashe shi. Lokacin Amadu Kuran Daga ne sarki. A 1899 sojojin Faransa suka zo da yawa, aka yi yaƙi a Tirmini, suka ci Damagaram.

— Kun wuce Tirmini jiya a mota, gab da ku iso. Daga 1911 Zinder ce babban birnin ƙasar Nijar. A 1926 Faransawa suka mai da babban birni Yamai. Cikin dalilansu akwai ƙarancin ruwa a nan, alhali Yamai tana bakin kogi.

Na yi mamaki ƙwarai. Ashe unguwar da na raina ta ga sarakuna, ta ga yaƙi, kuma garin ya taɓa zama babban birni.

4. Wurin magini

Bayan fada, muka tarar da wani tsoho yana gyaran bango. Yara biyu suna miƙa masa kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Kawu ya gaishe shi:

— Sannu da aiki, Baba. Ga wani yaro nan yana cewa a rushe gidajen ƙasa a yi na siminti.

Kunya ta kama ni. Tsohon ya yi dariya, ya sauko daga tsani.

— Zo nan, jikana. Shiga zauren nan, ka ɗora hannunka a bango. Me ka ji?

Rana ta riga ta yi zafi a waje, amma zauren yana da sanyi mai daɗi. Na faɗa masa.

— To, ka gani. Bango mai kauri yana tare zafin rana, ba ya barinsa ya shigo da wuri. Da dare kuma, in sanyi ya sauko, sai ya saki ɗumin da ya sha. Ɗakin kwano fa?

— Da rana kamar tanda yake, Baba.

Sai ya nuna mana yadda ake aikin. Ana haƙo ƙasa mai danƙo, a zuba mata ruwa, a haɗa da busasshiyar ciyawa, a tattake da ƙafa. A bar ta ta kwana biyu ta jiƙu sosai. Daga nan a mulmula tubali da hannu, gindinsa da faɗi, kansa da tsini, a shanya a rana. In za a yi gini, sai a jera tubalan a tsaye, a cike tsakaninsu da ƙasa. Gindin bango ya fi samansa kauri, don ya ɗauki nauyi.

Ya ɗaga hannu ya nuna rufin zauren.

— Waɗannan itatuwa su ne azara. Daga giginya ake tsaga su, don gara ba ta cinta da sauƙi. Ana jera su, a shimfiɗa zana ko kara, a zuba ƙasa a daɓe. Wancan da ya leƙo daga saman bango shi ne indararo. Shi yake fitar da ruwan sama nesa da bango. Masu tsinin nan na kusurwa kuma zankwaye ne, ado ne na gida.

Yaya ta tambaye shi zanen da ke kewaye da ƙofa. Ya ce tun yaɓe yana ɗanye ake yinsa, da hannu da ƴar wuƙa. Wasu zanen a tashe suke, wasu a tone, wasu kuma an shafa musu launi. Ya nuna mana dagi, wanda layukansa suke sarƙe da juna. Ya ce a da, in mutum ya ga ƙofar gida, yakan gane ko mai gidan attajiri ne ko basarake.

Na ce:

— Baba, amma ai ruwa yana cin ƙasa.

— Gaskiyarka. Shi ya sa kakanninmu suke yin makuba. Ana jiƙa ɓawon ɗorawa, a kwaɓa ƙasa da ruwansa, a yaɓe bango, sai ruwan sama ya riƙa zamewa. Kuma kowace shekara, kafin damina, a duba tsaga a toshe, a share indararo, a sabunta yaɓe inda ya zube.

— To, me zai hana a shafe bangon da siminti, a huta?

— Wasu sun gwada. Siminti da ƙasa ba su shan inuwa ɗaya. In siminti ya tsage, ruwa ya shiga bayansa, ba ya samun hanyar bushewa. Ƙasa ta yi ta jiƙa a ɓoye, wata rana sai ka ga ɓangare guda ya faɗo. Gidan ƙasa kamar doki ne, jikana. In kana kula da shi, zai daɗe yana ɗaukarka.

5. Masallacin da ruwa ya ci

Muka yi wa magini godiya, muka wuce. Can gaba Kawu ya tsaya a inuwar wata bedi. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce:

— Akwai abin da na sha nuna wa baƙi a unguwar nan, wanda ku ba ku samu ganinsa yadda yake a da ba. Tsohon masallaci ne na ƙasa, an gina shi a tsakiyar ƙarni na 19. Ya fi shekara 170 a tsaye. Daminar 2024 ta zo da ruwa mai yawa ƙwarai, aka yi ambaliya a jihohin ƙasarmu, gidaje da yawa suka faɗi. A farkon watan Satumba na shekarar, masallacin ya rushe.

Yaya ta ce:

— Inna lillahi! Kawu, ba wanda yake kula da irin waɗannan wurare?

— Akwai, ƴata. A 2006 Nijar ta sa Birni da fadar sarki cikin wuraren da take son hukumar UNESCO ta lissafa cikin kayan gadon duniya. Tsohon garin Agadas ya samu shiga a 2013, shi da masallacinsa mai hasumiyar ƙasa ta mita 27. Wannan abin alfahari ne. Amma takarda ba ta yaɓe bango. Hannu ne yake yi. In masu gida sun daina gyara, in yara sun ƙi koyon aikin magina, ruwa zai ci gidajen nan ɗaya bayan ɗaya.

Muka koma gida shiru. Ranar ban yi surutu da yawa ba.

6. Bisa keke zuwa Zango

Kashegari Alhamis ce, ranar babbar kasuwar Zinder. Kawu ya yi mana hayar kekuna uku. Ya ce tsakanin Birni da Zango akwai ɗan rata. Mai ƙafa zai gaji kafin ya fara kallo, keke kuwa yana rage tafiya, ba ya hayaƙi, ba ya shan mai, kuma ana iya tsayawa duk inda ake so.

Kafin mu hau, ya sa muka duba abubuwa huɗu: birki, da iskar taya, da sarƙa, da ƙararrawa. Ya rage tsawon sirdina har ƙafata ta taɓa ƙasa. Sannan ya ce:

— Ni ne gaba, ɗana a tsakiya, ƴata a baya. Mu yi layi ɗaya, mu riƙe hannun dama. Wanda zai juya ya miƙa hannu tukuna. Ban da tsere, ban da sakin kan keke. Ku yi hankali da kabu-kabu da amalanke.

Muka hau kwalta, iskar hunturu tana bugun fuskarmu. Da muka iso Kasuwar Dole, Kawu ya ɗaga hannu, muka sauka.

— Inda mutane suka yi yawa, mai keke ya zama mai ƙafa.

Muka riƙa tura kekunanmu. Muka ga gero da wake, da tabarmi, da dabino, da kantun gishiri. Muka ga dukawa da jakunkuna da takalma na jar fata. Kawu ya ce majema suna jiƙa fata da bagaruwa kafin a rina ta, kuma Zinder ta daɗe da suna wajen aikin fata.

Muka sake hawa har Zango. A bakin unguwar muka ba wani mai shago ajiyar kekuna, muka shiga da ƙafa. Nan ma gidajen ƙasa ne, wasu har da soro a sama, ƙofofinsu cike da zane.

— Me ake nufi da zango? in ji Kawu.

Na yi sauri na ce:

— Wurin da matafiya suke sauka su huta.

— Haka ne. A nan ayarin raƙuma yake sauka, a wajen ganuwa. Buzaye sukan kawo gishiri daga Bilma da Fashi, da dabino daga Kawar, su koma da hatsi da tufafi. Wata hanyar kuma ta taso daga Kano, ta biyo ta Zinder da Agadas, ta ratsa hamada har Tarabulus a bakin teku. Tafiyar watanni ce. Madugu ne shugaban ayari, shi ya san rijiyoyi. Daga arewa ana kawo takarda, da yadi, da tsakiya. Daga nan ana tafiya da fatu da gashin jimina.

Kawu ya ɗan dakata.

— Har da mutane. A wancan zamani ana kama mutane a yaƙi, a sayar da su bayi, wasu a ratsa hamada da su. Wannan ma yana cikin tarihin garinmu. Jagora ba ya ɓoye shi.

Ya ba mu labarin wani Bajamushe matafiyi mai suna Bart, wanda yake kiran kansa Abdulkarim. Ya iso Zinder a ƙarshen 1852, ya yi wajen wata guda, ya tashi a farkon 1853. Ya ji Hausa, ya rubuta abin da ya gani cikin littattafansa.

Yaya ta ce:

— To, Kawu, ina ayarin Tarabulus yanzu?

— Ya mutu, ƴata. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma bin hanyar kudu zuwa teku, don ta fi sauri da araha. Daga baya manyan motoci suka zo. Gidajen fataken ne suka rage suna ba mu labari.

7. Aikin jagora

Da za mu koma, muka tsaya muka sayi fura. Yaya ta ce ita ma tana son ta zama jagora. Kawu ya ji daɗi.

— Aiki ne mai kyau, amma yana son shiri. Sai kin san tarihi, daga littafi da kuma daga bakin tsofaffi. Sai kin iya harsuna: Hausa, da Faransanci, da duk wanda kika samu ƙari. Sai kin san lungu-lungu, kin san inda inuwa take, kin san lokacin salla don kada ki kai baƙi ƙofar masallaci ana cikin ibada. Sai mutanen unguwa sun yarda da ke, don su ne masu ƙofofin. Abin da ya fi duka, kada ki ƙara gishiri. In ba ki san amsa ba, ki ce za ki tambayo.

Ya ce baƙin ƙasashen Turai sun ragu ƙwarai bisa ga yadda suke zuwa a da. Amma shi baƙon da ya fi so shi ne ɗan ƙasa, don shi ne zai zauna da kayan gadon nan. Kuma in baƙi suka zo, mai fura yana samu, baduku yana samu, mai hayar keke yana samu.

8. Indararon Kaka

Da la'asar muka iso gida. Kafin in shiga, na tsaya na dubi gidan Kaka. Na ga zankwaye biyu a sama. Na ga dagi bisa ƙofar zaure, wanda ban lura da shi ba ran da muka zo. Na kuma ga wata tsaga ƙarƙashin indararo, ga busasshiyar ciyawa ta toshe bakinsa.

Kawu ya ce:

— To, ɗana, sake yi mini tambayarka ta shekaranjiya.

— Na janye ta, Kawu. Amma dubi can. In damina ta zo haka, ruwa cikin bango zai bi.

Kawu ya duba, ya kama baki.

— Kai! Kullum ina wucewa ta ƙofar nan ban gani ba. Gobe sai mu kira Baba magini.

Da safe magini ya zo da tsaninsa. Ni da Yaya muka ɗebo ruwa, muka tattaka ƙasa, muka riƙa miƙa masa. Ya share indararo, ya toshe tsagar, ya sabunta yaɓe. Kaka tana zaune bisa tabarma tana kallonmu. Ta ce:

— Kakan mahaifiyarku ne ya gina gidan nan. A ɗakin can aka haife ta. Allah ya yi muku albarka.

Muka ce amin.

MU RIƘE

Zinder tana da tsofaffin unguwanni biyu: Birni, mazaunin sarki, da Zango, masaukin fatake. Ana zaga cikin unguwa da ƙafa, ana tafiya tsakanin unguwanni bisa keke. Jagora yana nuna hanya, yana ba da tarihi na gaskiya. Mai yawo yana girmama mutanen unguwa. Ginin ƙasa yana daɗewa in ana gyara shi kowace shekara kafin damina.

MA'ANAR KALMOMI

jagora: mai shiga gaba yana nuna wa baƙo hanya.
ganuwa: babban bango da ya kewaye gari don tsaro.
igwa: babbar bindiga mai harba dunƙulen ƙarfe ko dutse.
azara: tsagin itacen giginya da ake rufin ɗaki da shi.
makuba: yaɓen da ake haɗawa da ruwan ɓawon ɗorawa.
indararo: abin da yake fitar da ruwan sama daga rufin soro.
ayari: jerin matafiya da dabbobinsu da kayansu.
kantu: dunƙulen gishiri da ake kawowa daga hamada.
ƙarni: shekara 100.

MU KOYI FARANSANCI

jagora: le guide
lungu: la ruelle
ganuwa: le rempart
fada: le palais
magini: le maçon
indararo: la gouttière
ayari: la caravane
keke: le vélo
birki: le frein
kayan gado: le patrimoine

TAMBAYOYI

1. Mene ne aikin Kawu?
2. Don me aka zaga Birni da ƙafa, aka tafi Zango bisa keke?
3. Faɗi dokoki huɗu na mai yawo cikin tsohuwar unguwa.
4. Wane sarki ne ya sa aka gina babbar ganuwar Zinder?
5. Me ya faru a 1899? Me ya faru a 1926?
6. Me ya sa zauren ƙasa ya fi ɗakin kwano sanyi da rana?
7. Me yake faruwa in aka shafe bangon ƙasa da siminti?
8. Me Kawu yake nufi da ya ce takarda ba ta yaɓe bango?
9. Waɗanne abubuwa ake dubawa kafin a hau keke?
10. Me ya sa yaron ya janye tambayarsa?

AIKI

a) Rubuta jam'in waɗannan kalmomi: lungu, keke, magini, dogari, zanko, baƙo, baduku.

b) Lissafi: Zinder ta zama babban birni a 1911, aka mai da shi Yamai a 1926. Shekara nawa ke nan? Daga rasuwar Sarki Tanimun zuwa yaƙin Tirmini, shekara nawa ne?

c) Jera waɗannan ayyuka yadda suke bi da bi: shanya tubali, haƙo ƙasa, yaɓe bango, tattaka ƙasa, jera tubali, mulmula tubali.

d) Je ka wurin wani tsoho ko wata tsohuwa a unguwarku, ka gaishe su, ka tambaye su gini ko rijiya ko itacen da ya fi daɗewa a garinku. Rubuta abin da suka gaya maka cikin layi 10.

e) Ku kasu ƙungiya-ƙungiya. Kowace ƙungiya ta zana taswirar unguwa, ta sa alama a wurare 5 da za ta nuna wa baƙo. Ku nuna inda za a bi da ƙafa da inda za a bi bisa keke. Ranar da malam ya sa, ɗaya daga cikinku ya zama jagora, sauran su zama baƙi.